Shekarar da Muka Tona Gidan Tururuwa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ja kwanana har na ga 'ya'yan jikokina. Ranar sunan ɗan jikata Amina a Gumel ina daga ɗaki na ji ana tambayar ko wane ne tsohon da ke zaune a zaure da sandarsa. Ɗaya daga cikinku, ba zan faɗi ko waye ba, ya ce ai wani Bafulatani ne na ƙauye, cikin waɗanda suka zaune gonar kukar kakanmu suka ƙi tashi. Aka miƙa masa tuwo a kwanon baƙi. Ya ci, ya yi wa jariri addu'a, ya kama hanya bai shigo mun gaisa ba. Ban ce komai ba a ranar don gida cike yake da mutane, amma tuwon sunan nan bai wuce mini maƙogwaro ba. Tsohon nan Dikko ne. Tun da na ji kuma kun fara maganar a karɓo gonar kuka a sayar, na ga in na yi shiru na mutu da abin da na sani, Allah zai tambaye ni.

A shekarar babbar yunwa ne, ba a daɗe da fara jin labarin jirgin ƙasa ya iso Kano ba. Ina yarinya ɗanya, shekara biyu da kai ni gidan mahaifinku a ƙauyenmu na arewa da Sule Tankarkar. Daminar da ta wuce gero ya fito ya kai gwiwa, ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Kafin bazara ta yi nisa rumbunmu ya koma sai ƙaiƙayi. Malam, mahaifin naku, ya ɗaure wa jakunansa biyu mangala ya bi ayarin maza ta Gagarawa zuwa kudu neman hatsi, ya ce kwana ashirin. Ya bar ni da mahaifiyarsa, Inna, da jariri ɗan wata huɗu, babban yayanku, Allah ya jiƙansa. Gidan malamai ne, matansa ba sa fita. Tun da aka kawo ni ban taɓa taka ƙofar zaure da rana ba.

Kuna tsammani yunwa haɗa mutane take yi. Da fari raba su take yi. Garin da in an ɗora tukunya a gida ɗaya maƙwabta uku sai sun ɗanɗana, ya koma kowa ya ja asabarinsa. Mace za ta samu 'yar tsaba ta ƙi dakawa a turmi don kada a ji ƙarar taɓarya, sai ta niƙa a hankali a kan dutse cikin ɗaki. Aka daina sallama a gidajen juna, don mai sallama baki ne. Ni da Inna muna jiƙa anza, 'ya'yan wani itacen daji, kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, mu dafa da ganyen kuka mu haɗiye. Kwana ashirin suka wuce, arba'in suka wuce, ba Malam ba labarinsa.

Sai ruwan nonona ya ɗauke. Ku 'yan yanzu ba za ku gane abin da ya hana ni faɗa ba. Ɗan fari ne. A tarbiyyarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban manya, balle a gaban uwar miji. In Inna ta miƙo mini shi sai in kau da kai in karɓa kamar an ba ni kayan wani, in shige ɗaki. A ɗaki in sa shi a ƙirji, ya ja, ya ja, ya saki ya yi kuka, in ɗiga masa ruwa da yatsa. Inna idonta ya yi rauni, tana jin ya yi shiru sai ta ɗauka ƙoshi ne. Kwana shida ina haka. Kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa, maɗigarsa ta faɗa. Ina kallon ɗana yana tafiya, kunya ta riƙe mini baki, ina kuma ganin wannan kunyar ita ce mutuncina.

Rana ta bakwai da hantsi Iya Falmata ta yi sallama. Tsohuwa ce Bamangiya, jinsin Barebari, mai tallan kanwa, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da kowa a garin, kuma ba gidan da ba ta shiga. Aron dagi ta zo, wato ƙarfen haƙa rami, don ta san Malam yana da shi. Tana jiran Inna ta lalubo shi sai ta leƙa zanen da yaron ke kwance. Ta ɗaga shi da hannu ɗaya. Ta dube ni.

"Ke Kulu, yaushe rabon yaron nan da nono?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zanena.

"Au, kunya ce? To madalla. In an kai shi an rufe sai ki ji kunyar kabarin ma, ki riƙa zagaye shi."

Inna ta saki dagin ya faɗi. Ta laluba kan yaron, ta taɓa maɗigar, sai ta zauna a ƙasa tana salati. Iya Falmata ta fita. Kafin azahar ta dawo da wata doguwar mace siririya, da goyo a bayanta, ƙafafunta duk faso.

"Ga baiwata na kawo muku," in ji Iya Falmata. "Bafulatana ce, ba ta iya komai ba sai bin saniya, saniyar ma ta mutu. Amma Allah ya bar mata abu ɗaya."

"Ji tsohuwar banza," in ji matar. "Yaushe bawa ya fara yin baiwa? Kakana ne ya sayi kakanki da ƙwaryar nono, nonon ma tsala."

Wasan Fulani da Barebari ke nan, ko a bakin kabari ba sa barinsa. Rabon da in ji an yi raha a gidan nan har na manta. Matar ita ce Kumbo. Ita da mijinta sun gangaro daga wajen Maigatari da garkensu, shanun suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har suka yada zango a bayan garinmu da 'yan ƙwarori biyu da ba sa iya tashi. Ta sha nonon saniyarta ta ƙarshe har ranar da ta ƙafe, shi ya sa nata bai ɗauke ba tukuna. Ta kwance goyonta ta ajiye shi gefe ba ta ko dube shi ba, na gane shi ma ɗan fari ne, Dikko ke nan. Ta ɗauki nawa ta sa a ƙirji. Da fari bai kama ba. Ta matsa masa a leɓe, ta yi masa magana da Fulatanci. Sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Na juya na fuskanci bango don kada a ga fuskata.

Iya Falmata ta zauna ta shimfiɗa mana maganar yadda take. Kumbo tana da nono, ba ta da abin ci, in ba ta ci ba kwana kaɗan nata ma zai tafi. Akwai mata biyu a garin masu jarirai da suke cikin halin da nake. Ita kuma ta san inda abinci yake, don ta ga irin wannan shekara tana yarinya a ƙasar Damagaram: yana ƙarƙashin ƙasa, a gidan tururuwa. Amma mace ɗaya ba ta iya tona shi. Ramin yana kai ƙirji, yashi yana rufta wa mai haƙa, ga cizo, ga jiri, ga kuraye da suka saba da naman mutane har suna yawo da rana.

"Ina da ido, ba ni da ƙarfi," ta ce. "Wannan tana da nono, ba ta da hatsi. Ke kina da hannu biyu da dagi. Kowacce ta zauna da nata a ɗaki, kafin ruwa ya sauka an gama binne mu."

Na dubi Inna. Fita ba da izinin miji ba, a gidan malamai, ba ƙaramin abu ba ne. Na san hukuncinsa, na karanta a gaban mahaifina. Sai Inna ta juyo gare ni.

"Ban ce ki fita ba," ta ce. "Ban kuma ce kada ki fita ba. Idona ba ya gani."

Da gari ya waye na yi alwala, na roƙi Allah in kuskure ne ya yafe mini, na ɗauki dagin Malam na taka ƙofar zaure. Hasken waje sai da ya sa na dafa bango.

Mu bakwai ne muka taru a gindin kukar da ke gonar Malam. Ni, da Iya Falmata, da Kumbo, da Talatu matar mahauci, ɗaya cikin masu jariran nan, da matar maƙeri, da wasu biyu 'yan'uwan juna daga unguwar masaƙa. A kwanakin ƙoshi ba abin da zai zaunar da mu a tabarma ɗaya. Matar malam ba ta cin abinci da matar mahauci, kowa ya san haka ba sai an faɗa ba. Aka bar Kumbo a inuwar kuka da jarirai huɗu a jere kan zane, mu biyar muka bi Iya Falmata daji. Tafiya take tana duban ƙasa kamar mai neman allura, har ta ga wani siririn layi na tururuwa, ta bi shi zuwa wani fili da aka share tas, da ƙaiƙayi kewaye da bakin rami. Ta ce biyu su haƙa, biyu su kwashe yashi da ƙwarya, ɗaya ta riƙa kaɗe cizo daga ƙafafun masu haƙa da reshen sabara, ita kuma ta tsaya tana duban daji. In mai haƙa ta ga duhu-duhu ta fito wata ta shiga, ba gardama.

Ni ce a ramin lokacin da dagi ya burma. Na durƙusa na share da hannu. 'Ya'yana, na yi shekaru a duniya, na je Makka na ga abin da na gani, amma abin da ke cikin ramin nan har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ɗakuna ne, ƙanana kamar tafin hannu, ɗaya bisa ɗaya, da hanyoyi a tsakaninsu, bangonsu sumul kamar an yi yaɓe. Kowane ɗaki cike da tsaba, busasshiya, tsaf, ba ƙasa ba tsakuwa. Ga 'ya'yan ciyawa iri-iri, ga na ƙarangiya an cire musu ƙaya, har da gero, geron gonakinmu na shekarun baya da ya zube ba mu kula ba. Mu masu hankali da rumbuna mun wayi gari ba ko ƙwaya, wannan halitta da muke takawa ba mu sani ba ta tara ƙwaya ɗaya-ɗaya, kowacce ta ɗauko abin da bakinta zai iya ta kawo gida ɗaya. Na tuna tururuwar da ta yi wa 'yan'uwanta gargaɗi a zamanin Annabi Sulaimanu. Ina tsaye cikin ramin, suna cizona har cinya, ina ta tasbihi ban san ina yi ba.

"Malama, in kin gama wa'azin miƙo ƙwaryar," in ji Talatu daga sama. "Cikina ba ya jin Larabci."

Da muka kwashe ɗakunan sama, Iya Falmata ta ce a tsaya. Na ƙasa nasu ne. Talatu ta ce wane irin nasu, mutane na mutuwa? Tsohuwar ta ce baƙi muka zo, ba 'yan fashi ba, kuma wanda ya ƙwace duka bana ba zai samu gidan da zai tona baɗi ba. Muka rufa musu ramin da rassa muka mayar da yashi.

Dokokinmu ba su da yawa, kuma ba wanda ya zauna ya tsara su, kowacce ranar da aka bukace ta ta fito. Ba mai jefa tsaba a baki a bakin rami. Tukunya ɗaya ce, a gindin kuka, a idon kowa. Ludayi biyu na farko na Kumbo ne, sannan a raba saura, a kai wa tsofaffin da ke gida nasu. Wannan ta ukun ita ta kusa watsa mu. Wata rana muka tona gida biyu muka tarar wasu sun riga mu, a na uku muka samu abin da bai cika tafi biyu ba. Aka dama kunu tsararo. Iya Falmata ta ɗauki tukunyar gaba ɗaya ta ajiye gaban Kumbo.

"Kan uba!" in ji Talatu. "Mu sha rana, mu sha cizo, ita tana inuwa kamar amaryar sarki, sannan ta shanye? Dubi ƙafata!"

Kumbo ta ture tukunyar. "Ku sha. Ni ba mabaraciya ba ce."

"Ba ke nake ba wa ba, mai wuyan zalɓe," in ji Iya Falmata. "Wa ya damu da ke? Cikin waɗancan huɗun nake zubawa, ke mazurari ce kawai. Talatu, in kin sha rabonki zai zama nono a ƙirjinki? In zai zama, ga ludayi."

Talatu ta dubi 'yarta a kan zane. Ta ɗauki ludayin, ta cika, ta kai bakin Kumbo da hannunta.

"Sha, Allah ya sa ki ƙware," ta ce, hawaye na zubo mata.

Kumbo ta sha tana kuka, mu shida muna zaune muna kallon kowace kurɓa tana wucewa. A ranar ba abin da ya shiga cikinmu sai ruwa. Ban taɓa jin yunwa irin ta ranar ba, ban kuma taɓa jin na fi ƙarfin yunwa irin ranar ba.

Akwai abin da ya faru tsakanina da Kumbo wanda ba mu taɓa magana a kansa ba har ta bar duniya. Ita ba ta iya yi wa Dikko wasa a gaban mutane, ni ba na iya yi wa nawa. Sai ya zama in na dawo daga daji, nata nake ɗauka. In goya shi, in yi masa tawai, in kira sunansa da ƙarfi yadda nake so. Ita kuma tana rungume da nawa tana kiran sunansa, tana sumbatar tafin ƙafarsa, tana satar kallona. Duk abin da na so in yi wa ɗana na yi wa nata, ita ma haka. Kowaccemu ta ga an so ɗanta a gabanta, ba wadda ta karya kunya.

Ba duka huɗun suka tsallake ba. 'Yar Talatu zawo ya kama ta ana saura kaɗan ruwa ya sauka, kwana biyu ta koma. Muka ce shi ke nan, Talatu ba ta da sauran abin da zai kai ta rami, mijinta ma ya samo ɗan abin da za su ci. Washegarin binnewa muna gindin kuka sai ga ta da ƙwaryarta a ka, idanunta a kumbure.

"Me kuke kallo?" ta ce. "Sauran ukun ba nono ɗaya suka sha da tawa ba? Ku tashi rana na yi."

Na sha jin malamai suna bayanin zumunci. A wurin matar mahauci na gan shi da idona.

Ruwa ya sauka, tafasa ta fito, aka fara samun abin tsinka. Sai ga Malam, bayan wata huɗu, da jaki ɗaya da rabin mangalar dawa, ya rame har Inna sai da ta shafa fuskarsa ta gane shi. Kafin ya kai gida an riga an gaya masa an ga matarsa a daji da dagi tare da matar mahauci. Ya zauna a tsakar gida bai dube ni ba.

"Wa ya ba ki izinin fita?"

"Ni ce," in ji Inna, ita da ta ce idonta ba ya gani. "In akwai zunubi a rubuta mini."

Kwana uku ba ya yi mini magana, in na ajiye ruwa sai ya ɗauka ba ko sannu. A cikin kwanakin nan kuma mijin Kumbo ya ce za su koma arewa wurin danginsa, tunda ba shanu ba gona, zaman me suke yi. Nonona bai dawo ba. Yayanku wata takwas, ba abin da cikinsa ke riƙewa sai nonon Kumbo, ko kunu aka ba shi sai ya dawo. In ta tafi, ko in ba ta shi ta tafi da shi, ko in riƙe shi in sake kallon abin da na kalla.

Ban kai ƙara wurin kowa ba. Rana ta huɗu da la'asar sai na ji sallama a zaure, muryoyin mata. Su shida ne, da jarirai uku, sun zo a jere sun durƙusa gaban Malam, abin da ba a taɓa gani ba a garin. Ina bayan zana ina ji.

"Allah gafarta Malam," in ji Iya Falmata, "ba roƙo muka zo ba, fatawa muka zo nema. Yaran nan uku nono ɗaya suka sha. Mene ne su a shari'a?"

"'Yan'uwa ne," in ji Malam. "Kamar ciki ɗaya. Ba aure a tsakaninsu."

"Wadda ta shayar da su fa?"

"Uwarsu ce."

"To uwar ɗanka za ta bi hanya gobe ba ta da inda za ta shuka ko ƙwaya. Mu dai mata ne, ba mu san littafi ba. Mun bar ka da shi."

Sai na ji ya ce a miƙo masa yaron. Daga baya Talatu ta ba ni labari, wai ya juya shi ya ga cinyoyinsa sun yi nama, ya dubi ƙafafun matan duk tabon cizo, sai ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa. Da ya buɗe ya aika a kira mijin Kumbo da liman. A gabansu ya ce gonar kuka, wadda ta fi kowace gonarsa kyau, ta zama ta Kumbo da zuriyarta, kyauta ba aro ba. Ya ɗauko tawada ya rubuta, ya sa sunayen yaran da suka sha nonon, har da marigayiyar Talatu, don kada a manta wata rana a ɗaura auren da bai halatta ba. Da ya shigo gida ya tsaya a bakin ɗakina ya ce, "Kulu, ina dagin?" Na nuna masa. Ya ɗaga ya ga bakinsa ya cinye ya koma rabi. Ya ce, "Sannu." Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar, ni kuma ya ishe ni.

Abin ya ci mana. Shekaru muna noma jigawar da ba ta cika rumbu, ku manyan kun tuna. Ni kuma abin da ya ci mini daban ne. Yayanku da ya fara tafiya, in ya faɗi wurin Kumbo yake gudu. Ita ya fara kira Inna. Har ya yi furfura, in abu ya dame shi gindin kuka yake zuwa ya zauna kusa da ita, ni sai gaisuwa daga bakin ƙofa. Ban taɓa jin haushinta ba, amma ba zan ce bai yi mini ciwo ba. Na samu ɗa mai rai, na biya da zama ta biyu a wurinsa. Ko yau aka sake ba ni zaɓi haka zan zaɓa.

Mu bakwai ba mu rabu ba bayan ƙoshi ya dawo. Ba haihuwa, ba rasuwa, ba biki a gidan ɗayarmu da sauran ba su kwana a kai ba, kuma kowace kaka sai mun kai damin gero ɗaya daji mun warware a bakin gidan tururuwa. Yanzu ni kaɗai na rage. Cikin yaran kuma Dikko kaɗai.

Takardar tana cikin gafakar mahaifinku, a ƙarƙashin Alƙur'ani, ku buɗe ku karanta. Suna na farko a ciki shi ne na yayanku, wanda ban taɓa faɗa da bakina ba har aka binne mai shi. Na biyu shi ne wanda na yi ta kira a madadinsa, na tsohon da kuka bari a zaure. Gonar kuka ba ta cikin gadonku, an biya kuɗinta tun kafin a haife ku, da abin da ba ku da irinsa. Na aika wa Dikko ya zo ranar Juma'a. Kada wanda ya kai masa kwano zaure. Ku riƙe masa sandarsa, ku ce masa Yaya, ku kawo shi ɗakina. A bayana ya yi watanni, ba zai zauna a ƙofar gidana kamar baƙo ba.